Jagoran Santambul da Bai Taɓa Barin Madina Ba

Mahaifinmu, Baba Shittu, ya san birnin Istanbul kamar yunwar cikinsa, alhali ƙafarsa ba ta taɓa taka shi ba. Santambul yake kiransa, irin na tsofaffi, kuma wanda ya gyara masa ya sha harara.

Dalilin wannan sani kuwa ƙanwata ce, Raliya. Ita ce autarmu, ita ce kuma 'yar lelen Baba. Ni Ƙaltume da ƙanena Usmanu mun taso da tsawa da muzurai, ita kuwa ko tukunya ta fasa sai Baba ya ce tukunyar ce ta tsufa. Ta auri wani Baturke mai gasa burodi a unguwar Sultana nan Madina, daura da shagon kafinta na Baba. Sunansa Tahir, mu muka mai da shi Ɗahiru. Mutumin kirki ne, ba ni da abin cewa a kansa. Amma a shekarar 1977 mahaifinsa ya rasu, ya tattara ya koma garinsu don ya riƙe gidan burodinsu, ya tafi mana da Raliya.

Da farko abin bai yi zafi ba. Ta zo umara bayan shekara biyu, ta yi ƙiba, ta yi fes, tana yi mana gwarancin Turkanci muna dariya. Daga baya ciwon ƙoda ya kama ta. Likitoci suka ɗaura ta a kan injin wankin jini, suka hana ta doguwar tafiya. Wato dai in za a gana, sai mu mu je.

Nan ne gizo ke saƙar. Baba ba ya fita daga Madina. Tun yana saurayi ya baro ƙasar Katagum da ƙafa, ya ratsa Cadi, ya tsinci auduga a Sudan shekara da shekaru, ya binne mahaifiyarsa a hanya kafin ya ga teku. Da ya iso ya yi Hajjinsa, ya zo Madina ya ajiye sanda, ya ce an gama. Ya riƙe hadisin nan da ke kwaɗaitar da wanda ya samu iko ya mutu a Madina, ya riƙe shi da hannu biyu. Ba shi kaɗai ba ne, tsofaffin unguwarmu a Harra ta Yamma da yawa haka suke: ba sa kwana a wajen gari don kada ajali ya riske su can su rasa maƙabartar Baƙi'a. Sai dai Baba ya fi kowa tsanani. Bikin 'yar amininsa aka yi a Jidda, ya aika da gudummawa ya yi zamansa. Ko gidan Usmanu da ke Jurf ba ya kwana, wai wani ya taɓa ce masa wani ɓangaren unguwar ya fita daga iyakar haramin Madina. Da la'asar ta yi sai ka ga ya fara lalubar takalmansa.

Raliya ta san halin mahaifinta, don haka ba ta tunkare shi kai tsaye ba. A aikin Hajjin 1983 ta aiko masa da tsaraba ta hannun wani alhaji maƙwabcinsu: ɗan littafin jagora na masu yawon buɗe ido, cikin Larabci, mai hotuna masu launi. An rarraba shi unguwa-unguwa, tsofaffin unguwannin birnin, da taswira a tsakiya mai naɗewa. Ba ta rubuta komai a ciki ba. Kunnen shafi ɗaya kawai ta lanƙwasa, shafin unguwar Ayyub, inda suke zaune.

Wayon Raliya kenan. A unguwar nan kabarin Abu Ayyubal Ansari yake, sahabin da ya sauki Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a gidansa nan Madina. Ɗan Madina na asali, ga shi kwance a Santambul. Da na karanta wa Baba shafin, sai na ɗaga kai na dube shi, ina jiran in ga ya kamu. Ya shafa gemu, ya ce shi sahabi jihadi ne ya kai shi, kuma wa ya isa ya haɗa kansa da sahabi? Daga nan ya ce in ci gaba da karatu.

Idonsa ya yi rauni, don haka karatun ya zama aikina. Kullum bayan la'asar in na leƙo gida, zan tarar ya baje a kan dakalin ƙofa da littafin a cinya. Na karanta masa Sultan Ahmad da masallacinsa mai hasumiya shida. Na karanta masa Fatih, da Balat mai tsofaffin gidaje masu benaye a matse da juna, da babbar kasuwa mai rufi wadda aka ce baƙo kan ɓata a ciki, da Uskudar da ke tsallaken ruwa. Hotunan gidajen katako sun fi ɗaukar hankalinsa. Zai kai shafin dab da hancinsa yana ƙunƙuni, wai wanda ya haɗa tagar nan ya san aikinsa. Muka sauke littafin, muka sake, muka kuma sakewa, har ya haddace shi kamar Fatiha. In na tsallake layi don in gama da wuri in tafi girki, sai ya tsayar da ni ya cike abin da na bari.

A shekarun nan mutanen Madina masu ɗan hali sun fara zuwa Turkiyya hutun bazara, gudun zafi. Kafin a ce me, labari ya bazu cewa duk mai tafiya ya biya ta dakalin Baba Shittu. Zai zaunar da mutum, a kawo shayi, ya tsara masa kwanakinsa. Ya ce a fara da Sultan Ahmad da sassafe kafin cunkoso. Kada a shiga kasuwa mai rufi ba a lura da ƙofar da aka bi ba. In za a je Ayyub kada a hau bas, a gangara bakin ruwa a Eminonu a shiga ƙaramin jirgi, don a ga Balat ta hagu. A ƙarshe sai ya ɗauko kwalin dabino ajwa ya ce, tunda dai an je unguwar, ga saƙo, gidan na bayan gidan burodin Ɗahiru.

Masu tafiya suka riƙa dawowa suna yaba kwatancensa, yana washe baki. In aka zo kan Raliya sai murya ta sauka. Wannan ya ce ta ɗan rame. Wancan ya ce a zaune ta karɓe su. Baba ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya juya zancen zuwa ga jiragen ruwa.

Abin ya riƙa ƙona mini rai. Na faɗa masa ba sau ɗaya ba cewa zumunci a ƙafa yake, ba a kwalin dabino ba. Ya ce bakina ya fi ni girma tun ina yarinya.

A bazarar 1985 muka shirya ni da Usmanu muka tafi. Ba zan yi ƙarya ba, kwatancen Baba bai saɓa ko kusurwa ɗaya ba. Muka shiga ƙaramin jirgin, ga Balat ta hagu, ga masallacin Ayyub da tantabarunsa, ga ƙanshin burodi ya kai mu har ƙofa. Raliya da kanta ta buɗe, tana dafe da bango. Na tsorata da ganinta, wuyanta kamar sillen kara. Ta rungume ni, amma ina jin kanta a ɗage bisa kafaɗata, tana leƙen matakalar da ke bayanmu.

"Yaya, ku biyu ne?"

Na ce mu biyu ne. Ta ce to, sannunku da hanya, ta ja mu ciki. Ba ta sake tayar da zancen ba sai ranar da za mu taho. Ta riƙe mini hannu ta ce in gaya wa Baba ba ta ce ya zauna ba, kwana biyu ma ya isa, kuma ta roƙa masa Allah ya mai da shi Madina da ransa.

Na dawo da wuta a cikina. Ban ko cire abaya ba na tsaya a kan Baba, na zayyana masa abin da na gani, ban rage komai ba. Na ce ya ratso rabin duniya da ƙafa don kansa, yanzu an ce ya zauna a kujerar jirgin sama na 'yan sa'o'i don 'yarsa ya gagara. Usmanu yana ta ce mini in yi a hankali, da Larabci, don shi ko da Hausa ake faɗa, da Larabci yake rabawa. Washegari da safe Baba ya kira Usmanu ya ce a yi masa jawaz, wato fasfo.

Murna a gidanmu ba a magana. Na buga wa Raliya waya na faɗa mata, na ji tana kuka tana dariya. Ta sa Ɗahiru ya sauko da gado ƙasa saboda matakala. Baba ya ɗinka sabuwar jallabiya, ya sa aka yi masa aski, ya zaga tsofaffin unguwa yana neman gafara kamar mai tafiya yaƙi. Wasunsu suka yi masa addu'a. Wasu suka girgiza kai, wani ma ya ba shi labarin wani tsoho da ya je Yanbu ganin jika bai dawo ba. Har yau in na tuna mutumin nan sai na ji ɗaci a bakina.

Ranar tafiya muka ɗauki hanyar Jidda a motar Usmanu, Baba a gaba, ni a baya da kaya. Yana ta hira har muka fita cikin gari. Da muka doshi allon da ke nuna ƙarshen iyakar harami sai hirar ta ɗauke. Na ga ya dafe ƙirji. Zufa ta keto masa, numfashi ya riƙa fita da ƙyar. Usmanu ya gangara gefen titi ya tsaya, allon na gabanmu kaɗan.

Na ce tsoro ne kawai, a ba shi ruwa mu wuce. Usmanu ya ce in zuciya ce fa, wa zai ɗauki alhaki? Baba ya juyo ya dube ni, idonsa ya yi ja, ban taɓa ganinsa a haka ba.

"Ƙaltume, mutuwa ce ta zo. Ku mai da ni. Don Allah kada ku tsallaka da ni."

Muka juya. A asibiti aka yi gwaje-gwaje, likita ya ce zuciyarsa ta fi ta Usmanu lafiya. Kafin magariba ya ci shinkafa ya sha shayi. Ni na sake ɗaukar waya na kira Santambul. Raliya ta saurara har na gama, ta ce alhamdu lillahi da ba wani abu ba ne, a gaishe shi. Baba ya ce in ce mata bayan Hajji, in ya ƙara jin ƙarfi.

Ba ta kai Hajjin ba. Ɗahiru ya bugo waya wata safiya, yana haɗa Larabci da Turkanci da kuka. Kafin Usmanu ya samu jirgi an riga an binne ta a maƙabartar da ke kan tudun Ayyub. Bai ma tafi ba.

Baba ya karɓi gaisuwa a dakalinsa da haƙuri, mutane suna yaba tawakkalinsa. Na yi watanni ba na iya haɗa ido da shi. Ina kai masa abinci, ina wanke masa tufafi, amma hira ta ƙare tsakaninmu. Shi ma bai ƙara cewa in yi masa karatu ba, masu tafiya hutu kuma suka fahimta suka daina tsayawa. Lafiyarsa kuwa garau. Shekara ta zagayo, wata ta biyo, yana takawa da ƙafarsa zuwa Masallaci, yana raka gawar tsofaffin unguwa ɗaya bayan ɗaya zuwa Baƙi'a yana dawowa. Mutuwar da ya tsaya jira ba ta ko leƙo shi ba. Fushina ya huce a hankali ya bar mini tausayi, wanda ya fi fushin ciwo.

A bazarar 1988 ya ji cewa Mahmudu, ɗan maƙwabcinmu da ke koyarwa a sakandare, zai kai iyalinsa Turkiyya. Ya aika aka kira shi. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, ƙofa a buɗe, ina jin su. Bai yi zancen Sultan Ahmad ko kasuwa ba. Ya ce alfarma ɗaya yake nema, Mahmudu ya je ya tsaya a kan Raliya ya yi mata sallama da addu'a, ya ce daga mahaifinta. Ɗahiru ya sayar da gidan burodin ya koma wani gari, ba mai raka Mahmudu, don haka ya saurara da kyau.

Muryarsa ta dawo kamar da. Da kwatancen baki ya gangara da Mahmudu bakin ruwa, ya sa shi a jirgi, ya sauke shi a Ayyub. Ya ratsa da shi farfajiyar masallaci ta gefen babbar bishiya, ya fitar da shi ta baya inda hanyar dutse ke hawa tudu, kaburbura dama da hagu, itatuwa dogaye sun yi musu inuwa.

"Sai ka yi ta hawa," in ji shi. "Ka yi ta hawa, sai ka..."

Ya tsaya. Mahmudu ya jira, sannan ya tambaya a hankali ko dama zai bi ko hagu, don an ce tudun duk kaburbura ne.

Na ajiye faranti na leƙo. Baba ya juyo wajena.

"Ƙaltume, ke kin je. Ta wane gefe take?"

Na ce, Baba, lokacin da na je tana da rai.