Ɗauraya Bakwai

Mai wankin kwalabe ya ci amana, abin ba shi da wani suna. Ƙa'idar ɗakin bincike ita ce ɗauraya bakwai bayan sabulu. Shi sau biyu yake yi, ya kife.

A cikin kwalaben nan wata ɗaliba take haɗa maganin da take gwadawa a kan Golgi, wasu 'yan jakunkuna da ke jere cikin ƙwayar halitta suna shirya kaya suna turawa inda ake bukata. Ta taɓa kiransa ya leƙa madubin da ke girmama ƙananan abubuwa.

"Baba, ka ga jerin nan? Maiƙon fatarsu ne ke riƙe da siffarsu. In ya taɓu sai su wargaje, kaya su ɓace hanya."

"Ashe har su ma sai da maiƙo," ya ce, suka yi dariya.

Ya fi kowa sanin abin da sabulu yake yi wa maiƙo. Ran da ta zo da murna wai maganinta ya tarwatsa jakunkunan, ya gane aikin sabulunsa ne, amma ya ce mata barka.

Shugaban sashe ya sa aka maimaita gwajin da sababbin kwalabe, jakunkunan ko gezau. Aka auna tsofaffin, aka sami sabulu. Aikinta na shekara biyu ya tashi a banza.

Ta same shi a bakin famfo. "Baba, ai da ka gaya mini."

Ya sunkuyar da kai.

Ranar Litinin aka kore shi, saura shekara ɗaya ya yi ritaya.