Ruwan Kwana Uku

Mamman na cikin naɗe tiyo motocin kwamishina suka shigo Koki. Ya yi wa direban tankar ruwa nuni da hannu ya fice ta ɗaya titin, sannan ya goge hannu a jikin wando ya kutsa cikin jama'a.

Shekararsa goma sha huɗu yana aikin famfo a gwamnatin jiha, kuma a unguwar nan aka yanke masa cibiya. Rijiyar burtsatsen da za a buɗe yau ba ta kai ga ruwa ba. Tunda man dizal ya yi tsada ɗan kwangila ya kwashe injinsa, ga zaɓe ya matso. Shugabansu a ofis ya ce a cika tankin rijiyar da ruwan mota a yi bikin, daga baya a san abin yi. Mamman ya bi umarni, don ya ga yadda aka tura wani abokin aikinsa ƙauye a kan magana ɗaya.

Kwamishina ya murɗa famfo, ruwa ya zubo, mata suka rangaɗa guɗa. Mamman ya san ba zai wuce kwana uku ba.

Yana neman sulalewa Gwaggo Hasana, ƙanwar mahaifinsa da ta raine shi, ta riƙo hannun rigarsa. Ta yi ta nuna shi ga maƙwabta, wai ɗanta ne ya kawo musu ruwa. Ta ce har ta sallami Sule mai garuwa, ta huta da sayen ruwa a wannan tsadar.

"Allah ya yi maka albarka, Mamman. Ka fitar da ni kunya."

Ya ce amin, idonsa a ƙasa. Ya buɗe baki zai faɗa mata, sai ya ga mutane sun zuba masa ido, ya fasa.

Bayan la'asar ya tarar da Sule a bakin masallaci, ya jingina da kurarsa. Suka gaisa, Mamman ya daɗe yana kame-kame.

"Malam Sule, ranar Alhamis ka koma kai wa Gwaggo ruwa. Kar ka ce ni na ce."

Sule ya gyara igiyar jarkokinsa, bai ɗago ba.

"Da ma zan je, yallaɓai. Ai wuri ɗaya muka ɗebo ruwa da direbanku da safe."