Bindigar Baba Merle

"Rufe shi, Sol. Don Allah rufe."

"Sai ka gaya min mene ne wannan."

"Kin ga ko mene ne. Rufe, mutane na wucewa."

Solange ba ta rufe ba. Rabin burodin bagel mai riɗi ne a hannunta na hagu, cuku ya ɓata mata yatsu, tishu kawai ta buɗe ɗan akwatin gaban motar ta nema. A ƙarƙashin takardun mota da wata tsohuwar safar hannu, ƙaramar bindiga ce baƙa kwance cikin kubenta na fata. Dalton ya miƙo hannu daga wajen sitiyari ya tura murfin, ya ƙi kamawa, ya sake turawa da ƙarfi.

"Ta Baba ce," in ji shi. "Ta karnukan dajin da ke cinye masa kaji. Kin san halinsa, ko coci zai je tana nan."

"Da harsashi a ciki?"

Ya dubi titi.

"Dalton Pecor, da kai nake."

"Baba ba ya ajiye ta babu harsashi. Cewa yake bindigar da ba harsashi guduma ce mai tsada."

Ya so ta yi dariya. Ita kuwa ba ta yi ba.

Safiyar Asabar ce a Montreal, rana ta fito garau, mutane sun yi layi a ƙofar gidan burodin har kan kwana. Jiya da yamma suka tsallako boda daga jihar Vermont ta Amurka, hutun kwana biyu da Dalton ya daɗe yana yi mata alkawari. Motarsa ta lalace ana gobe tafiya, ya aro akori-kurar mahaifinsa. Da suka kusa boda Solange ta roƙi ya ba ta tuƙin, don tana marmarin yin Faransanci da wani, harshen da ta yi karatu da shi a Bukavu ta ƙasar Kongo kafin yaƙi ya watsa su. Jami'in bodar ya tambaye ta ko suna ɗauke da makami. Ta tuna yadda ta yi dariya ta ce ko wuƙar yanka albasa ba su da ita. Da bakinta ta faɗa, tana kallon idonsa.

Ranar Alhamis mai zuwa za ta yi rantsuwar zama 'yar ƙasar Amurka. Sai ta yi wannan rantsuwar za ta iya neman a kawo mata mahaifiyarta, wadda ke zaune a ɗaki ɗaya na haya a Bujumbura, ƙafafu sun kumbura, tana jiran ranar kamar yadda Solange ke jira. Malamar da ta shirya masu neman zama 'yan ƙasa ta sha nanata musu cewa a ranar rantsuwar ma ana sake tambaya: tun bayan ganawarmu, an kama ka? An tuhume ka da wani laifi?

"Ka san abin da suke yi wa wanda ya shigo musu da wannan ya ce babu?" ta tambaya.

"Ba wanda ya sani, Sol. Mu biyu ne kawai."

Aka ƙwanƙwasa gilashi.

'Yar sanda ce a kan keke, ta dafa ƙofar Dalton da hannu ɗaya, hular kwano a kanta. Dalton ya sauke gilashin, wuyansa ya yi ja har kunne. Matar ta zubo Faransanci, shi kuwa bai san ko gaisuwa ba sai ta waƙa. Dole Solange ta sunkuyo ta amsa, gwiwarta manne da murfin nan da ba ta yarda ya kama ba.

"Motar sharar titi na zuwa," in ji 'yar sandar. "Wannan ɓangaren ba a tsayawa yanzu. Ga allo can a samanku."

"Ki yi haƙuri, madam, ba mu lura ba. Yanzu za mu matsa."

Matar ta leƙa cikin motar. Ta dubi takardar burodin, ta dubi Dalton, idonta ya sauka daidai gwiwar Solange. Idan ta ce a ba ta takardun mota fa? Takardun suna kwance a kan bindigar.

"Amurkawa," ta ce tana girgiza kai. "Ku da karanta allo sai a hankali. Ke fa, ina kika samo Faransanci mai daɗi haka?"

"Kongo, madam."

"Na ji alama. To ki gaya wa direbanki ya kawo ki gidan burodin da bai dace ba. Na titin baya ya fi."

Ta buga ƙofar da tafin hannu, ta taka kekenta ta wuce.

Dalton ya tada mota. Bai tsaya ba sai gefen wani lambu inda yara ke lilo, ya kashe, ya kifa goshi a kan sitiyari ya saki wata 'yar dariya.

"Direbanki ta ce, ko? Wannan kalmar dai na gane ta."

Solange ta goge cukun a jikin wandonta ta ciro waya.

"Wa za ki kira?"

"Babanka."

"Ba sai kin kira shi ba. Me zai yi mana daga can?"

Yadda ya faɗe shi da sauri ne ya sa ta ɗago ta dube shi. Ta danna, ta buɗe sautin yadda duka za su ji.

"'Yata!" Muryar Baba Merle ta cika motar, ana jin kukan kaji a bayansa. "Yaya birnin Faransawa? Sun fara ba ku dodon koɗi kuna cewa da daɗi?"

"Baba Merle, ina kwana. Akwai bindigarka a cikin motar nan."

"Wace... Au! Dalton bai sauke ta ba? Yana kusa? Kai yaro, ba jiya na kira ka kuna shan mai a Swanton ba? Na ce na manta ban cire ta ba, ka biya gidan kawunka Lyle ka bar masa. Ka ce min to. Da kunnena na ji ka ce to."

Wani yaro a kan lilo yana ihu a ƙara tura shi sama.

"Kuna ji na? 'Yata, kar ki tada hankalinki, ƙarfe ne kawai, ba ta cizo in ba a taɓa ta ba. Ku..."

"Na gode, Baba. Zan sake kira."

Ta kashe. Jiya a gidan man nan na Swanton ta shiga sayo musu kofi. Ta tuna ta fito ta same shi yana mayar da waya aljihu, ta tambaye shi waye, ya ce Baba ne, yana cewa a kula masa da mota. Daga nan ne ta roƙi makullin, ya miƙo mata yana murmushi.

"Ka sani," ta ce. Muryarta ta fito a hankali har ita kanta ta ba ta tsoro. "Kana zaune a nan, a kujerar nan da nake, gwiwarka a jikinta. Mutumin ya tambaye ni, na yi masa wasa da wuƙar albasa. Kai ma ka yi dariya, Dal. Na ji ka."

"Saurara, Sol. Gidan Kawu Lyle baya ne, can cikin gonaki, kuma in ya kama ka da surutu sai dare. Na kama mana tebur a gidan abincin saman dutse, wajen da ake ganin fitilun gari duka, tun watan jiya na kama. Da mun juya mun rasa shi. Ina da... akwai abin da na shirya."

Ta san abin da ya shirya. Tun daren Laraba ta ga ɗan akwatin zoben a cikin safarsa tana haɗa musu kaya, ta mayar da shi yadda yake, ta shiga banɗaki ta yi kuka na daɗi, har ta gwada fuskar mamaki a madubi. Jiya layin boda ya cinye musu lokaci, suka rasa teburin duk da haka, suka ci soyayyen dankali a tsaye a bakin titi. Ta ɗauka yau ne zai ba ta zoben. Da safen nan ma sai da ta sake gyara farcenta.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne har yanzu tana son sa. Wannan ne mutumin da ya shekara yana zuwa gyaran na'urar ɗumama ɗaki a gidan tsofaffin da take aiki, na'urar da lafiyarta ƙalau. Shi ne ya zauna da ita kan tambayoyin jarrabawar zama ɗan ƙasa har ya gano shi kansa bai san rabinsu ba.

"Tun ina yaro nake tsallake bodar nan," in ji Dalton. "Kallon wasa, kamun kifi, sayen taya. Ba a taɓa cewa in buɗe ko jaka ba."

"Kai ba a taɓa ce maka ba."

"Me kike nufi?"

"Ina da shekara goma sha biyu soja ya zazzage buhun Mama a kan gada, komai a ƙasa, har kayan cikinta, don kawai ta yi jinkirin amsa masa. A wajenka boda wurin da ake rage gudu ne a ɗaga hannu."

"Nan ba can ba ne."

"Da katin izinin zama nake yawo, Dalton. Ko'ina can ne."

Ya shafa fuska da hannu biyu. "To, ji. Gobe ni zan tuƙa, ni zan amsa. Ɓangarenmu ne, gida za mu koma, bindigar ma 'yar gida ce. Ke ki yi shiru kawai, ki miƙa katinki."

"In ya sunkuyo ya ce, ke fa madam? In sake cewa babu? Jiya ban sani ba. Gobe na sani."

"To mu jefa ta kogi. Ga gada can, minti nawa ne."

"Mu tsaya a tsakiyar gada da lambar Vermont, rana tsaka, ka fito da bindiga a hannu. Kai, kana jin kanka kuwa?"

"To me kike so in yi? Faɗa min, wallahi zan yi. In je wajen 'yan sanda? Zan je. Ki zo ki yi min tafinta, ki gaya musu kuskure ne, ke za su saurara. Kin ga yadda matar nan ta so ki."

Ta dube shi. Idanunsa sun cika, da gaske yake, kuma ko yanzu bai ga abin da yake roƙo ba: ta shiga ofishin 'yan sanda da ƙafarta, a rubuta sunanta kusa da kalmar bindiga, ita da ta ce babu, saura kwanaki kaɗan a tambaye ta. Wani ɓangare na zuciyarta ya riga ya ce to. Zai tsaya shi kaɗai a gaban mutanen da ba ya jin yarensu, wannan dogon sakaran nata, yana murza hularsa. Wayarta ta yi motsi a cinyarta. Saƙon murya ne daga Mama, irin wanda take turowa kowace Asabar bayan ta dawo addu'a. Solange ba ta buɗe ba. Ta riƙe wayar a ƙirji, ta cire bel, ta buɗe ƙofa.

"Sol. Sol, ina za ki?"

Ta sauka ta tsaya a kan ciyawa, ta riƙe ƙofar. Hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Ka nemi lauya a garin nan yau, mai jin Turanci, ka gaya masa komai, har da kiran Swanton. Abin da ya ce ka yi, ka yi. In an tambaye ni zan faɗi gaskiya, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba." Ta ja numfashi. "Ni zan je otal in ɗauki jakata, in hau bas ɗin Burlington in koma gida ni kaɗai. Ba zan sake shiga motar nan ba."