Furar da Nasidi Ya Ƙi Sha

Duk wanda ya san Barau, mai unguwar wani ƙauye a ƙasar Gwangwan, ya san ba a taɓa masa baƙo. Baƙon kuwa shi ne Ɗanmaliki, mutumin ƙasar Faransa, wato Nijar, can wajen Tasawa, wanda fari ya koro shekarun baya da mata da 'ya'ya da wani ramammen jaki. Barau ya yanka masa gona aro, ya ba shi ɗakuna a bayan gida. Tun ana ce masa baƙo har aka manta. Akushi ɗaya suke sa hannu, tare suke tafiya Juma'a Rogo, suna musu a hanya.

A shekarar da soja ke shirin miƙa mulki, gero ya yi kyau, na Ɗanmaliki ya fi na kowa. Saura kaɗan a sa masa hannu sai ga Nasidi a kan babur.

Nasidi ɗan ƙanwar Barau ne, ma'aikacin gwamnati a Karaye. An ji labarin an tura shi kwas Kaduna a kan wata ƙungiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, wai ita Ekowas, amma ba wanda ya san abin da aka koya masa. Ya cire takalmi ya durƙusa, aka gaisa, aka tambayi gida da damina da mutanen Karaye. Hajo, matar Barau, ta aiko da fura a ƙwarya, damammiya mai kauri da nonon safe, irin wadda Nasidi ke kuka a kanta yana yaro.

Ya dubi ƙwaryar ya kau da kai. "Alhamdu lillahi, Kawu, a ƙoshe nake."

"Daga Karaye a wannan rana? Kai, sha mana."

"Wallahi na ƙoshi."

Barau ya tsura masa ido. Can Nasidi ya gyara zama ya ce, "Kawu, an ce mu zaga mu ji ko akwai mutanen Nijar da ke zaune a ƙauyuka. Dokokinmu ake so a daidaita da na ƙungiyar."

"A daidaita," in ji Barau.

"E, a daidaita."

"To mu nan ba mu da baƙo. Duk 'yan gida ne."

Nasidi ya sunkuyar da kai. Ya san Ɗanmaliki sarai, amma yaro ba ya ƙaryata kawunsa a zaurensa. Ya ce zai dawo da babbansu bayan kasuwa, ya hau babur ya tafi, ya bar fura ƙudaje na zagayawa.

Kai, ranar ba wanda ya ga fuskar Barau da kyau! Ya shiga gida yana huci. Hajo ta ce, "Malam, yaron nan fa a bayana ya yi barci. Ƙila ciki ne ke damunsa."

"Ciki? Ke dai ba ki san duniya ba. Mutum ba ya ƙin abincinka sai in ya san abin da ya ƙulla maka. Wanda ya sha furarka ba ya iya kama baƙonka, shi ya sa ya ƙi."

Kuma ba a banza yake tsoro ba. Ƙanensa Sulle ya shekara da shekaru a Kumasi yana cinikin goro, ran da aka tashi korar baƙi ya dawo da tabarma da buta, bai ƙara zama mutum ba har ya rasu. Shi ma ya ce da tambaya aka fara, cikin fara'a. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Daga nan komai ya zama alama. Mota ta wuce ta hanyar Fulatan, Barau ya ce leƙen asiri ne. Malamin gona ya zo duba gyaɗa, ya ce ba gyaɗa yake dubawa ba. Ya tambayi liman me ake nufi da daidaitawa, liman ya ce shi dai abin da ya sani, in za a daidaita itace biyu, dogon ake sarewa. Shi ke nan, magana ta zauna.

Barau ya sami Ɗanmaliki a gona, ya gaya masa komai. Ɗanmaliki ya daɗe yana kallon geronsa.

"Mai unguwa, ko in tsaya in girbe?"

"Su zo su ɗaure ka a gaban 'ya'yanka, a ƙofar gidana? Wallahi gara in mutu. Ka je ka fake, in ƙura ta lafa ka dawo. Gero amana ne a wurina."

Ranar kasuwar Rogo ya raka su har bakin mota. Hajo da matar Ɗanmaliki suka rungume juna suna kuka. Barau ya hana shi faɗin inda za su sauka, don ko an matsa masa ya rantse bai sani ba. Ya dawo gida zuciyarsa na ƙuna, amma yana ganin ya fita kunyar baƙonsa.

Bayan kasuwa Nasidi ya dawo da babbansu, wani dattijo mai tabarau da sanyin murya. Aka tara jama'a a gindin rimi. Dattijon ya ce ƙasashen nan sun amince mutanensu su riƙa shiga wurin juna ba tsangwama, shi ya sa ake koya wa ma'aikata su gano inda tsofaffin dokokinmu suka yi karo da wannan, a gyara. Ba wanda ya aiko su korar kowa. So suke su ji daga bakin baƙi, me ke damunsu a hanya da kan iyaka.

Nasidi ya yi murmushi ya ce, "Kawu, a kira mana Baba Ɗanmaliki. Tun a Kaduna shi nake ba da misali."

Ba wanda ya yi motsi. Barau ya miƙe. Ya ja Nasidi gefe.

"Kai ɗan nan, don girman Allah, me ya hana ka shan furar Hajo?"

Nasidi ya sosa ƙeya. "A kwas ne aka ce mana, in muna bakin aiki kada mu karɓi komai a hannun jama'a, ko da ruwa ne, kada a ce toshiyar baki. Kunya ce ta hana ni gaya maka, Kawu. Yaya zan dubi idonka in ce furar gidanku toshiya ce? Wallahi ranar da yunwa na koma Karaye."

Barau ya buɗe baki zai yi zagi, bai sami wanda zai zaga ba. Hawaye ne suka zubo masa a gaban mutane, shi da ko a mutuwar Sulle ba a ga hawayensa ba.

Ya aika Kano, ya aika Jibiya, Nasidi ya bi tasha tasha da babur yana cigiya. Wani ya ce an gan su Maraɗi, wani ya ce sun yi kudu. Barau ya kira gayya aka girbe geron, ya gina masa rumbu dabam, ya liƙe da hannunsa. Bazara ta zo da tsanani, hatsin gida ya ƙare, Hajo ta ce ko a ɗan ɗiba a mayar in an yi kaka.

"Na mai shi ne," in ji Barau. "Yana hanya."