Piyano da Kekunan Ɗinki Huɗu

Matata makaɗiyar piyano ce, tana kuma tsara kiɗa nata na kanta. Ni mai shagon magani ne, kunnena bai san komai ba sai muryar masu tari. Shekara goma sha bakwai muna tare, har yanzu in ta tambaye ni ya na ji wani sabon kiɗa, sai in ce ya yi daɗi, ta ce, "Jiya ma haka ka ce da mai gyaran piyano ya zo yana buga madanni ɗaya."

Aikinta ba irin wanda mutane ke zato ba ne. Da safe tana kaɗa wa ɗaliban makarantar rawa, kiɗa ɗaya sau talatin har ƙafafunsu su daidaita. Da rana ɗalibai biyar ko shida su zo gida, ciki har da wani likitan haƙori da ya yi ritaya, mai taurin yatsu kamar ƙusa. Tsakanin nan da can take samun awa biyu nata, ta rufe ƙofar falo, fensir a bayan kunne, takardu a ƙasa. Kowa a unguwa Malama yake kiranta, har ni.

Bara aka gama gyaran babban zauren kiɗa na gari, shugaban zauren ya nemi ta tsara sabon kiɗa na minti ashirin don ranar buɗewa. Ta yi murna kwana biyu, sannan ta shiga uku. Sati huɗu tana rubutawa tana yagawa.

Wata Laraba ta kai riga shagon Goggo a rage mata hannu. Goggo yayar mahaifinta ce, tela, ita ta riƙe ta tun tana shekara shida. Kekunan ɗinki huɗu ne a shagon, duk na ƙafa: na Goggo, na Dogo, na wata da ake kira Hajjo Mai Gilashi, da na Kurma, wanda ba kurma ba ne, rashin magana ne ya jawo masa sunan. Malama ta zauna a benci tana jira, ta yi awa uku. Ta dawo gida ba ta kawo rigar ba, ta tsaya a ƙofar shagona tana haki.

"Ka san keken Dogo ya fi na Goggo zurfin murya? Na Kurma kuma yana ɗan tsallake ɗaya duk bugu bakwai. A ƙarƙashin teburin Goggo na girma, ban taɓa saurara ba."

"Ina rigar?" na ce.

Ba ta ma ji ni ba.

Ta je ta gaya wa shugaban zauren tana son teloli huɗu da kekunansu a kan dandamali. Ya ce a ranar manyan baƙi za su zo. Ta ce su ma manyan baƙin wani ne ya ɗinka musu kaya. Ya yi dariya, ya ba ta ƙaramin ɗakin gwaji na wata biyu.

Shawo kan Goggo ya fi wuya. Ta ce, "Ni in hau gaban mutane ina taka keke ba komai a ƙarƙashin allura? Haukan naki ya kai nan?" Da ƙyar ta yarda, bisa sharaɗin za a sa yadi na gaske, a yi ɗinki na gaske.

Na je gwajin farko don ni na ɗauko kekunan a motar ƙanena. Malama ta yi sati shida tana rubuta wa kowane keke nasa layi, ta zana musu da jan biro inda za su fara da inda za su tsaya. Abin bai yiwu ba. Dogo yana ƙirge da baki sai ƙafarsa ta rikice. Hajjo ta kalli takarda ta ɗinke yatsan safar hannunta. Goggo kuwa ko kallon takardar ba ta yi, in ta kai ƙarshen yadi ta tsaya, ko ana tsakiyar kiɗa.

"Goggo, saura bugu takwas."

"Yadin ya ƙare, 'yar nan. In ɗinka iska?"

Kwana tara ana haka. A rana ta goma na ga Malama ta tattara takardun nan duka, aikin sati shida, ta zuba su a kwali ta tura ƙarƙashin gado. Na ce ko ta fasa ne. Ta ce a'a, ita ce ta yi kuskure, ta je tana koya wa mutane abin da suka fi ta iyawa.

Washegari ta zauna da Goggo da almakashi. Ta tambaye ta wane ɗinki ne dogo ba tsayawa, wane ne na tsaye-tsaye. Goggo ta ce gefen labule dogo ne, wuyan riga sai an yi ta juyawa, aljihu kuwa gajere ne sau huɗu. Da wannan Malama ta sake gina kiɗan. Maimakon takarda, kowane tela aka ajiye masa tarin yankakken yadi a jere: labule, aljihu, aljihu, wuya, labule. Su dai su yi ɗinkinsu kamar kullum. Ita ce za ta bi su da piyano, ta haddace tsawon kowane yadi da saurin kowace ƙafa. Yatsunta suka kumbura a satin nan, ni nake shafa mata magani.

Ranar buɗewa da la'asar zauren ya cika. Da aka ɗaga labule mutane suka ga kekuna, aka ɗan yi dariya ƙasa-ƙasa. Kurma ya fara shi kaɗai. Dogo ya shigo. Sai piyano ya biyo su a hankali, kamar mai tafiya a bayan manya, kafin ya wuce gaba. Dariyar ta ɗauke. Wata mata kusa da ni ta rufe ido, leɓenta na motsi.

Wajen minti na goma sha biyu, inda keken Goggo ne kaɗai ya kamata ya yi magana, zarenta ya tsinke. Goggo ba ta ruɗe ba. Ta ciro gilashinta daga jaka, ta lashi bakin zaren, ta shiga neman kafar allura, mutum ɗari takwas suna kallo. Malama ta dube ta, ta sa hannun dama kawai, tana taɓa madanni ɗaya siriri, ta kuskure, ta sake, ta kuskure, daidai da hannun Goggo. Da zaren ya shiga ta sauke hannu biyu gaba ɗaya, kekuna huɗu suka tashi tare. Ni da ban san kiɗa ba sai da tsikar jikina ta tashi.

An daɗe ana tafi. Goggo ta tsaya tana ninke labulen da ta gama, sai da Malama ta jawo ta gaba.

Bayan wata guda wani kamfani ya kira su ɗaukar kiɗan a faifai. Mai ɗaukar sautin ya ce wurin tsinkewar zaren nan ya fi burge shi, a maimaita. Goggo ta ce shekara arba'in da ɗaya tana ɗinki, ba ta taɓa tsinke zare da gangan ba, ba kuma za ta fara yau ba. Ya juya wajen Malama yana neman taimako. Malama ta ce a ɗauka yadda Goggo ta ce. Aka ɗauka sau uku, zare bai tsinke ba ko sau ɗaya, haka faifan ya fita.