Haƙora Uku a Ƙafar Dama

Wallahi da na san abin da aka kira ni a kai, da na ce ciki ne ke murɗa mini. Ina shan koren shayina da hantsi aka aiko wai Hoji Sangin, dattijon layin kanikawa na garinmu Istarawshan, yana nemana a rumfar Usto Mirzoali. Usto kuwa shi ya koya mini aiki. Shekara tara na yi a ƙarƙashinsa, kuma shi ya shafa mini fatiha ranar da na buɗe garejina. A wurinmu wanda ya shafa maka fatihar sana'a ba ka gyara masa magana a gaban mutane, ko da furfura ta cika maka gemu kamar yadda ta cika mini.

Na tarar rumfar a cike. Dawlatyor, direban da ke jigilar mutum bakwai-bakwai zuwa Dushanbe ta kan dutsen Shahriston, ya ciro taya daga but ɗin motarsa ya jefar a ƙasa yana ta bambami.

"Kwana goma sha biyu da sayen tayar nan! Ku shafa ku ji, gefe ɗaya ya cinye tas. Shokozoba da sandar sitiyari Usto ya canza mini, tun ranar motar nan ke ja dama kamar jakin da ya hango gidansu. Na sauya tayoyi, na daidaita iska, duk a banza."

Usto yana zaune a kan benci, hannuwa a gwiwa. Ya ce, "Ɗana, ina saita ƙafar mota da zare tun uwarka ba ta yi aure ba. Rami ka faɗa."

"Ban faɗa ko wane rami ba!"

Hoji Sangin ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya juyo gare ni. "Gairat, kai ne ba ka da ɓangare. Shiga ramin ƙarƙashin motar ka duba, abin da ka faɗa shi ke nan."

Ba ni da ɓangare! Shi ma ya san ba gaskiya ya faɗa ba.

Na fara da abin da Usto ya koya mini. Na tsayar da sitiyari a tsakiya, na ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba, hagu da dama. Hagu lafiya lau. A dama kuwa sai da yatsana biyu suka shige tsakanin zare da taya. Na yi maza na saki zaren kafin wani ya lura, na sauka ramin da tocila.

Babu alamar duka ko kaɗan. Ba abin da ya lanƙwashe, ko ƙura ba ta goge ba. Dawlatyor bai faɗa rami ba. Da na haska sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafar dama sai na ga matsalar. Haƙoran murɗi uku kacal ta kama, inda ya kamata ta kama fiye da goma, notin da ke riƙe ta kuma yana lilo. Ga shatin allin da Usto yake yi a tsohon ƙarfe don ya gane iyaka, ga inda ya tsaya, tazarar ta kai rabin ɗan yatsa. Usto fa, mutumin da a da yake gane karkacewar ƙafa daga tsallaken titi. Sai a lokacin na tuna yadda ya miƙa mini hannu ranar idi, ya kama iska.

Kawuna sun kewaye bakin ramin suna leƙena. In na ce a miƙo mini sifana, na yanke hukunci ke nan, gobe ko mai keke ba zai tsaya a rumfar nan ba. Na sa yatsu na murɗa notin iya ƙarfina har fatar ta ɗaye. Yatsu dai ba sifana ba ne, na sani.

Na fito ina goge hannu. Hoji Sangin ya ce, "To?"

Na dubi Usto. Yana kallon wajen da muryata za ta fito, ba fuskata ba.

Na ce, "Aikin Usto ba shi da aibu. Hanya ce ta bugi ƙafar."

Nan take aka yi ca a kan Dawlatyor. Wani ya ce direbobin dutse duk haka suke, su ragargaza mota su zo su ɓata wa tsoho suna. Dawlatyor ya ɗauki tayarsa. Ya mayar da ita but da kansa. Na bi shi har bakin ƙofar mota na rage murya.

"Yaya Dawlatyor, biya ta garejina in sake dubawa, ba sai ka ba da komai ba."

"Ka duba me? Ba kai ka ce ba aibu ba? Ka mayar da ni maƙaryaci a gaban kasuwa, sannan in kawo maka motata?"

"Don Allah kar ka hau dutsen nan yau."

"Me ya sa?"

Hoji Sangin da wasu mutum uku suna tsaye a bayana. Na waiga na gan su, na ja da baya. Tir da ni.

"Fasinjana na jira a tasha," ya ce, ya ja ƙofa. Ina kallo ya hau titi, sitiyarin a karkace a hannunsa.

Jama'a suka watse. Usto ya kira ni ya zaunar da ni kusa da shi, ya gutsura gurasa ya ba ni, ya zuba shayi, rabi a kofi rabi a benci. Ya daɗe riƙe da hannuna.

"Allah ya yi maka albarka, Gairat. Ka sauke mini wani nauyi. Ban faɗa wa kowa ba, amma kwanan nan har na fara zargin idanuna." Ya yi wata ƴar dariya. "Ashe tsoro ne kawai irin na tsufa. Da ma ina tunanin in ƙi karɓar motar ƴan makarantar ƙauyen kan dutse da za su kawo gobe gyaran ƙafa. Yanzu kam zan karɓa."

Na ce, "To, Usto."