Hular Alhaji Tambai

Daren jiya wani mafarki na yi, har yanzu jikina bai gama sakewa ba.

Ni dai wankin hula nake yi a rumfar Kawu Na'iya da ke bakin titi. Tun watan jiya ya ce mini idan salla ta zo ban samu masu kawo aiki ba, zai ba mai cajin waya rumfar, ni kuma in koma gida noma. To da wannan tunanin na kwanta.

Sai na gan ni a wata kasuwa, baho a kaina, buroshi a aljihu. A kasuwar nan kwastoma ake sayarwa, a mudu ake auna su kamar wake. Wani tela ya wuce ni da buhu guda a kafaɗa, ƙafafunsu suna leƙowa, suna ta hira a ciki.

Na tambayi inda ake awo, aka nuna mini wani ofis. Bunsuru ne a bayan tebur, ya sha babbar riga, yana taunar kusurwar tebur ɗin a hankali. Na duƙa na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya ce in buɗe baki ya gani. Na buɗe. Ya leƙa ciki ya daɗe, ya girgiza gemu.

"Samari, wannan bakin gaisuwa ne, ba na talla ba."

Na ce shi kaɗai gare ni. Ya ce to awo ya ƙare, amma akwai ragowa a gindin ɗorawa, in je in tsinta da kaina. Abin da zan yi kawai, in gaya wa mutum hularsa ta yi datti.

A gidanmu ba a koya mana haka ba. Yaro ya dubi kan babba ya ce ya yi datti?

Kafin in ba shi amsa sai ga ni a gindin ɗorawar. Ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake tashi yana hawa sama, saboda haka ƙafar kowa a jiƙe, kai kuwa a bushe. Dattawa ne zaune a kan tabarma, kowa da hularsa, hulunan nan tun da aka ɗinka su ba su taɓa ganin sabulu ba. Babbansu, wanda na ji suna kira Alhaji Tambai, tasa har kuɓewa ta tsiro a kai, ta yi 'ya'ya.

Na tsugunna. Na ce ina wuni, ya ce lafiya. Ina gajiya, babu gajiya. Ina iyali, ina kasuwa, yaya ruwa. Duk gaisuwar da na yi sai tabarmar ta ja baya da su kaɗan. Na so in tsaya, bakin ya ƙi, har jikokinsa da awakinsa na tambaya.

Can na hango Kawu Na'iya yana naɗe rumfata kamar tabarma. Bai yi fushi ba, yana naɗewa yana murmushi. Mai cajin waya na tsaye a gefensa, wayoyi sun fito masa ta kunne.

Na tattaro duk ƙarfin da Allah ya ba ni na ce, "Ranka ya daɗe, hular nan fa ta sha hidima."

Wurin ya yi tsit. Ruwan ma ya tsaya a iska yana saurare.

Alhaji Tambai ya ce tun yaushe yake jiran wanda zai gaya masa. Ya sa hannu biyu ya cire hular, kan ya biyo ta, ya miƙo mini duka. Sauran ma kowa ya cire nasa. Kafin ka ce kwabo baho ya cika da kawunan manya, suna ta ba ni umarni. Wannan ya ce kada sitaci ya yi yawa, wancan ya ce sabulu na shiga masa ido, wani ya ce yana da ɗaurin aure da azahar.

Na wanke, na goge, na shanya su a jere a rana. Aiki ya yi kyau, ba yabon kai ba. Sai jikkunan suka taso suka yi layi, hannu a miƙe, duk rigunansu farare iri ɗaya.

Kawu ya matso da rumfar a hammata. Ya ce, "Ɗan nan, ga kwastoma ka samu. Mayar wa kowa da nasa, in sauke maka rumfa."

Na ɗauko kan Alhaji Tambai. Na tambaye shi wanne ne jikinsa. Ya dubi layin, ya dube ni, ya ce ai shi bai taɓa ganin kansa daga nesa ba.

Layin ya fara matsowa. Ƙafafunsu na buga ƙasa, tat, tat, tat.

Na buɗe ido. Babur ɗin Kawu ne a ƙofar gida, yana ta buga shi ya ƙi tashi. Na fito da sauri na tura masa. Da na sunkuya kusa da shi sai na ga bakin hularsa ya yi baƙi da gumi, zagaye guda. Na buɗe baki, babur ya kama, na ce masa a sauka lafiya.